Hannun da Na Ɗaga

Shekara goma sha tara ina ƙirga abin da ke raguwa.
Aikina ke nan a dajin gabashin Madagaska:
littafi a aljihu, fensir a bayan kunne,
da ƙafafun da matsattsaku suka haddace ɗanɗanonsu.

Ran Talata aka tara mu a ajin 'yan firamare,
manya a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa.
Dokta Voahangy ta iso daga Antananarivo,
jar laka har ƙwauri.
Ta zana da'ira biyu a allo,
ta ce kuɗin bana gajeren bargo ne,
in ka rufe kai, ƙafa na waje.

Da'irar farko tudu ne, gidan babakoto,
mai baƙi da fari, mai guntun wutsiya,
wanda kukansa da asuba ke ratsa kwari uku.
Kakata ta ce ɗan'uwanmu ne da ya ƙi saukowa daga bishiya,
shi ya sa ba a ɗaga masa mashi.
Dominsa baƙi ke zuwa da kyamara,
dominsa 'yata Ravaka ta san ƙofar sakandare.

Ta biyun fadama ce, ba ta fi filin ƙwallo ba.
A cikinta akwai wani kwaɗo ja kamar barkono,
ya zauna a farcen babban yatsa har ya rage wuri.
Ban san masa suna ba.
Ba mai buga fuskarsa a gaban riga.
Ni dai ban gan shi ko'ina ba sai nan,
kuma na sha yawo.

Aka ce a ɗaga hannu.

Na waiga ga Ndriana, ɗan baffana, a bencin baya.
'Ya'ya shida, buhu ya ga ƙasa tun kafin damina,
idonsa na kan fadamar nan tun bara.
Ba mugu ba ne.
Yunwa ce ba ta iya karanta allon gargaɗi ba.

Hannuna ya tashi kafin mu gama shawara da shi.
Ashirin da uku ga tudu. Biyu ga fadama:
wata tsohuwa mai tsinko ganyen magani a can,
da malamin ajin, wanda ba a ma gayyata ba.
Dokta ta goge da'ira ɗaya da tafin hannu,
alli ya kwanta mata a zanen tafi,
ta daɗe tana kallonsa.

Ban ce mun yi kuskure ba.
In ɗaki biyu na cin wuta, guga ɗaya gare ka,
tilas ka ba ɗaya baya.
Sai dai ba wanda ya gaya mini ƙeya ma tana da kunne.

Na ci gaba da zuwa, ba umarni, ba lada.
Watan farko, arba'in da ɗaya.
Ndriana ya haƙa magudana,
ruwa ya bi ta ya tafi ja wur, kamar an yanka sa.
Goma sha ɗaya.
Aka cinna wa ciyawar gefe wuta.
Huɗu.
Shinkafa ta fito kore shar, ta yi kyau, ba zan ɓoye ba,
na ci a gidansa, har na nemi ƙari.

Daren jiya na tsuguna a kan kunya, tocila a kashe.
Murya ɗaya: ƙyas, ƙyas,
kamar yaro na gwara tsakuwa biyu.
Ya kira, ya saurara.
Ya kira, ya saurara.
Saura kaɗan in amsa masa.

Da asuba babakoto suka ɗauki kuka a tudu,
su bakwai yanzu, an sami jariri a bayan uwa.
Na buɗe littafi a kan gwiwa.
Ga gurbin kwanan wata, ga na adadi, ga na sa hannu,
babu inda zan rubuta cewa har yanzu yana cigiya.

Na rubuta ɗaya.
Na sa hannu da hannun da na ɗaga.